Sanyin da Kifin Tsoho Ke So

A tashar motar Inje, can Koriya ta Kudu, wata mata daga Busan tana rawar ɗari, wani tsoho yana ta murmushi gaban labarin yanayi a talabijin.

"Baba, me ya ba ka dariya? Janairu gaba ɗaya babu ruwa ko'ina, sai sanyi mai fasa ƙashi!"

"Godiya nake, 'yata. Kifi na shanya. Da dare ya daskare, da rana ya saki, haka yake laushi. Bara aka yi ruwa, duk ya ruɓe."

"To, kifin ne bargonka?"

"Ɗana ya rantse in na bana ya ruɓe, zai bar sana'ar ya koma birnin Seoul."

"Yanzu fa?"

"Jiya na tarar yana kafa katakon shanyar baɗi."

Ta gyara rigar sanyinta. "To, a ƙara mana sanyin na kwana biyu. Biyu kawai fa, Baba!"