Korama Ta Ci Yaya Sani a Peru

Shanun huɗa biyu nis sayar a kasuwar Gummi, Yaya Sani kuma yaj jinginar da fadamarshi ta shinkafa. Shekaru kaɗan ke nan bayan gubar dalma ta kashe yara a Yargalma, haƙar zinari ta hita raina. Wani dillali yac ce muna akwai ƙasa can bayan teku, Peru, zinarinta ba ya kisa. Ku matso, ku da ke ƙaiƙayin tahiya.

Yaya Sani ɗan wan babana ne, ya girme ni da shekara bakwai. Daga Legas munka hau jirgi zuwa Barazil, sannan mota kwana da kwanaki.

Ƙasar nan kashi ukku ta: daji mai ruwa kullum, duwatsu masu ƙanƙara a kai, sai rairayin bakin teku inda ba a ruwan sama. Zinarin na can bisa duwatsu. Munka hau, numfashi ya ƙi isa, ni dai amai nike. Su suna ce ma ciwon "soroce", mu muna ce mishi "sororo". Kwana tara munka gangaro, ko ƙwayar zinari ba mu gani ba.

Munka samu aikin dakon bulo a bayan birnin Lima, can yankin rairayi. Ƙasa kan yi rawa a can, kwanoni su yi ta ƙara, mutane ko cin abincinsu ba su bari. Ɗakinmu na gindin dutse, hannun wata tsohuwa da muke kira Sanyora. Ranar farko Yaya ya duƙa, ya ɗebi yashin ƙofa ya murza.

"Mamman, wanga wuri hanyar ruwa ne."

Ya faɗa ma Sanyora da guntun yarensu da hannu. Ta yi dariya. "Ruwa? Dubi rufina, ko indararo babu. In ba ku so, ku tashi."

"Mu tashi," in ji Yaya.

Ni nic ce a'a. Ɗakin da sauƙi, ga shi kusa da aiki. Nac ce mishi nan ba Gummi ba ce. Bai sake tada maganar ba.

Shekara ta ukku, ruwa ya yi ta zuba can saman duwatsu, mu ƙasa rana ƙwal. Ran nan Yaya na zazzaɓi, nib bar shi kwance nit tahi aiki. Bayan azahar munka ji ruri, mutane na gudu suna "waiko, waiko". Laka ce da duwatsu manya kamar rumbu, ta biyo busasshiyar koramar da ɗakinmu ke ciki. Kahin in iso, layinmu duka babu.

Kwana huɗu muna tono. Sanyora ta tsira, ita ke kawo min ruwan sha, ba ta iya kallon idona. Da munka samu gawar Yaya, wasu 'yan Senegal biyu masu sayar da agogo sunka taya ni wanka da salla. Mu ukku ke nan a sahu.

Na dawo da jaka ɗaya. Inna, mahaifiyarshi, ba ta tambayi kuɗi ba. Ta ce, "Shi da ya san ruwa, ya aka yi ya kwana a hanyarshi?"

Nac ce mata, "Ƙaddara ce, Inna."

Har ta rasu ban faɗa mata sauran ba. Ku ne na farko da kunka ji.