Injin da Aka Ɗumama Tun Safe

Jar fitilar mai ta sake ƙyaftawa, nan take Dulma ta kashe a-kori-kurar da take tayawa a kasuwar motoci ta Darhan. Ciyawa take son kai wa tumakinta kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya.

"Yaya, fitilar nan fa?"

"Waya ce ta saki, ƙanwata," in ji dattijon mai motar. "Injin nan ko jariri aka kwantar a kansa ba zai farka ba."

"To me ya sa na tarar da shi da zafi? Mai gaskiya a sanyaye yake nuna mota."

"A wannan sanyin? Wutar kashin shanu na hura a ƙarƙashinsa, kamar yadda ubanki yake yi."

"Ubana don mai ya narke yake yi, ba don sarƙar taimin da ke cikin injin ta daina ƙara ba." Ta zaro ma'aunin mai, ta murza da yatsu. "Wannan mai ne ko zuma? Kauri ka ƙara masa saboda famfon mai ya gaji."

"Famfon sabo ne. Makon jiya bakanike ya sa shi, bayan da ta..." Ya haɗiye sauran.

"Bayan da ta me? Mu bar ta ta huce, ka tayar a gabana."

Sai ga wani ƙato ya diro daga wata babbar mota.

"Tsoho, igiyar da na jawo ka da ita zan karɓa. Ko in jira in mayar da kai gida?"