Waƙar Niƙan Inna a Faifan Turawa

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Shara nake yi a wani sutudiyon ɗaukar waƙa a garin Montreuil, nan ƙasar Turawa. Wasu Turawa masu kiɗan zamani da ake kira new wave suka ji ina rera waƙar niƙan marigayiya innata, suka roƙa, na yarda suka ɗauka. Kafin faifan ya fito, sai suka saki wannan waƙar. Yayata da ke garin Vaulx-en-Velin ta ji ta a kanti, ta kira ni: "Kai yaro ne lokacin. Inna ba ta rera ta sai in ta tuna ɗanta da ya rasu. Yanzu ga shi ana rawa da ita."

Masu sauraro, in ce su cire ta daga faifan? Ina gaida Yaya, ko da ta daina ɗaga wayata.