Ranar da Na Ciji Uwar Zumunta

'Yan'uwa, na gaishe ku da sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu ta Maje, mai sayar da doya. Sai da na yi jika na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna na rubuta wannan, kuma ba zan yi kwana-kwana ba.

Ciwon sukari ya cinye ƙafar uwata ina kallo, sannan ya juyo kaina. Ƙiba ta danne ni. Fatar cikina ta zama rariya saboda allurar insulin, amma jikina ya ƙi jin ta. Na durƙusa na ce, "Ubangiji, ba za a yanka ni gunduwa-gunduwa kamar Inna ba!"

A Abuja aka yi mini aiki. Aka rage tumbina, aka haɗa shi da hanjin can ƙasa, abinci ya bar tsohuwar hanya. Likita ta ce, "Mama, yanzu da abinci ya faɗa can, hanjin zai sa jiki ya fitar da insulin nasa, jikin kuma zai ji. Amma in zaƙi ya yi yawa, zai fitar fiye da kima, daga baya sukari ya faɗi warwas. In kin ji haka, maza ki sa ɗan zaƙi a baki."

Tun ban gama ramewa ba aka tsayar da allura. Halleluya!

Ranar godiyata a zumuntar mata aka raba kunun zaƙi, na sha da murna. Can ana tsakiyar waƙa, gumi ya karyo mini, jiki na ɓari. Na miƙa hannu ga gorar zoɓo. Mama Rifkatu, uwar zumuntarmu, ta fizge.

"Kada wadda ta ba ta! Mai sukari ce, so kuke ku kashe ta?"

Harshena ya ƙi juyawa. Na hamɓare tulun kiɗa ya tarwatse. Na sharara wa mai bugunsa mari. Mata suka maka ni a siminti, wata ta hau ƙirjina, ana ta "Fita, Shaiɗan! Fita!" Leɓena ya fashe, jini ya cika mini baki, duhu na rufowa.

A zuciya na yi ihu: "Yesu! Kai ne ka raba ni da allura, kada in mutu a hannun masu ƙaunata!"

Ƙarfi ya zo. Na kafa haƙora a hannun Mama Rifkatu har na ji ƙashi. Ta kurma ihu, gora ta faɗo, na kafa baki.

Da idona ya washe, tana tsaye tana jini.

"Saratu, ke ce?"

"Ni ce, Mama. Ba aljani ba ne, sukari ne ya faɗi."

Ta zauna a ƙasa ta rungume ni tana kuka.

Na gode wa Ubangiji da ya bar mini ƙafafuna da raina. Ku dogara gare shi, ku kuma ji maganar likitanku! Mai shakka ya je wurin Mama Rifkatu. Tabon yana nan. Ya kuma leƙa jakarta: kusa da Littafi Mai Tsarki akwai alewa, tawa ce. Amin!