Sunan ƙauyen da ƙanwata za ta haihu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rakiya daga Greensboro, Amurka.

Ina aikin kula da wata tsohuwa 'yar Ireland a McLeansville. Ran nan ina ba ta abinci, na ce mata ƙanwata Hadiza ta koma ƙasarsu Ireland da tsohon ciki, tana wani ƙauye wai shi Killeen. Sai tsohuwa ta ture cokalin. Ta ce a yarensu sunan na nufin ƙaramin coci, amma haka kuma suke kiran filin da ake binne jariran da suka mutu kafin a yi musu baftisma. Har yau manoma ba sa nome irin wurin.

Malam, Hadiza ta binne jarirai biyu a Maraɗi, ba wanda ya kai ranar suna. Kuma kullum tana yaba mini wani koren fili mai ƙananan duwatsu a bayan gidansu, inda take shan iska.

Na san rai na hannun Allah, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Jama'a, in gaya mata, ko in yi shiru har ta sauka?