Kunnuwan Baba a Fotokwafi

A layin shagon buga takardu, wata mata ta leƙa hoton da ke hannun mutumin bayanta.

"Malam, kar ka yi fotokwafin wannan, fuskar baƙi ƙirin za ta fito. Ka kai babban inji."

"Hajiya, babban inji shiri yake so, sai jibi. Fotokwafi kuwa yanzu-yanzu ne."

"Amma na inji ya fi kyau."

"Ba kyau nake nema ba. Dubi kunnuwan nan, ko a duhu za a gane su."

Ta yi dariya. "Takara zai tsaya?"

"Babana ne. Tun jiya ya fita, hanyar gida ta ɓace masa. Yau a ɗakinsa zai kwana, in sha Allahu."

Ta matsa gefe. "Wuce gaba, ɗan'uwa. Ka sa har da nawa, zan liƙa a unguwarmu."