Haƙurin da Aka Ce In Zo In Bayar a Madadin Famfo

Mai girma shugaban ƙungiyar masu gidan burodi, dattawan sana'a, masu kwaɓa fulawa da masu tsayuwa gaban tanda, iyayena da yayyena, assalamu alaikum.

Ni ce matar mutumin da kuke kira Famfo, saboda hancinsa da ba ya daina zuba. Sunan ya karɓe shi, har yaranmu sun fara amsa shi a unguwa, mun gode. An ce yau za ku ɗaga hannu a kan korarsa daga aiki, an kuma ce in zo in ba da haƙuri. To, ga ni, haƙurin kuwa na zo da shi da yawa.

Kafin nan, ina godiya ga manyan likitocin da ke cikin wannan zaure, waɗanda Allah ya ba ilimi ba tare da wahalar makaranta ba. Wannan ya ce ya shaƙi barkono, wancan ya ce ya daina shan ruwan sanyi, wani ya ce raki ne, duka kuma kuka haɗu a kan magana ɗaya: "Ai mura ce." Murar da ta girmi 'yarmu ta fari.

Laifinsa na farko, ya ƙona burodi tanda guda yana tsaye a wurin. Gaskiya ne. Ku yi haƙuri da mutumin da ya yi shekaru yana shaƙar ƙurar fulawarku har hancinsa ya daina jin ƙauri, ya daina jin ƙanshi. Ranar da na haihu na miƙa masa jaririya, ya sa hanci a kanta ya daɗe, sannan ya ce mini, "Wai da gaske suna da ƙanshi?" Na yi dariya, shi bai yi ba.

Na biyu, ba ya amsa gaisuwa, ya yi girman kai. Kan kam ya yi girma, don in ya sunkuya ɗaukar buhu ji yake kamar an cika masa goshi da siminti. Mutum ya kwana a zaune yana numfashi da baki, ya tashi da ciwon kai, ya wuni da ciwon kai, sannan ya kasa yi wa shugaba murmushi, lallai wannan rashin tarbiyya ne.

Na uku, an same shi bayan buhunan fulawa yana kuka, ƙato da shi. Wanda ya gan shi bai tambaye shi komai ba, sai ya garzaya ya ba kowa labari, Allah ya saka masa.

Da na ja shi asibiti, likitar gaske ta ce ramukan da ke cikin ƙashin fuskarsa ne suka daɗe a kumbure. Ta ce ciwon da ya hana mutum barci, ya hana shi ɗanɗanon abinci, ya sa ana yi masa dariya kullum, yana iya kai shi ga ciwon damuwa, kuma ya kai shi. Ta ce duka biyun suna da magani, amma sai an raba shi da ƙura.

Roƙona ke nan. Ku ɗauke shi daga ɗakin kwaɓi ku sa shi a wurin sayarwa, inda babu ƙura, har ya warke. Ban iya ado da magana a nan ba, tsoro nake ji. Da ya ji labarin taron nan cewa ya yi, "Bar su su kore ni, kowa ya huta. Ke ma ki huta." Likita ta ce kada a ƙara barinsa shi kaɗai. Shi ya sa bai zo ba. Ƙaninsa na zaune a ƙofar ɗakinsa, ni kuma na kwashe magungunan gidan duka, ga su nan a jakata.

Ku ɗaga hannuwanku yadda kuka ga dama, sai dai ku hanzarta, don ƙanin nasa yana da aiki, ni zan karɓe shi.

Allah ya albarkaci sana'arku, ya ba ku barci mai daɗi, ya mayar da kowa gida ya tarar da nasa da rai. Na gode.